A-kori-kura ta hannu: mai ogzilari ko marar ogzilari?

Tambaya: Ina noman masara da waken suya a yankin Giwa, Jihar Kaduna. Zan sayi Hilux ta hannu don ɗaukar amfanin gona, dillali kuma ya dage sai na ƙara kuɗi na ɗauki mai ogzilari, wadda tayoyinta huɗu ke ja. Ko ya dace in ƙara?

Amsa: Malam, dillali la'adarsa yake hange. Kai kuwa ka tuna wuri mafi muni a hanyar gonarka, da watan da kake bin sa da kaya. Masara da waken suya da kaka ake kwashe su, ƙasa ta fara bushewa. In hanyar burji ce ko jar ƙasa mai tauri, marar ogzilari ta ishe ka. Buhu 10 masu kilo 100 tan guda ke nan, kusan iyakar abin da aka ƙera motar ta ɗauka, kuma nauyin nan a kan tayoyin baya shi ke sa su kama ƙasa. Sai ta tafi wayam ne bayanta ke yin sauƙi, taya ta yi ta juyi a banza. Buhu biyu na yashi a bodi kan rage wannan.

Mai ogzilari ta fi nauyi, ta fi shan mai, ga ƙarin ƙaramin giyabos da farfela da aksul na gaba, wato ƙarafan da ke kai ƙarfin injin ga tayoyin gaba, kowanne da ranar da zai kai ka Panteka neman gyara. Tun cire tallafin fetur a 2023 wannan lissafi ya daina zama abin wasa. Ni dai da ragowar kuɗin tayoyi masu manyan haƙora zan saya.

Amma wanda ke kai taki cikin Yuli da Agusta ta hanyar laka, ko mai shinkafa a fadamun Hadeja, ko mai ratsa rairayin arewacin Yobe da Damagaram, wannan kam ogzilari ba ado ba ce a wurinsa. Kwana ɗaya mota ta kafe da tumatir a rana, asarar ta isa.

Tambaya: In na tsaya a kan mai ogzilari, yaya zan gane tana aiki?

Amsa: Kada ka yarda da rubutun 4x4 a jikin bodi ko fitilar da ke kunnuwa a gaban direba. Je da bakanikenka, ba na mai mota ba, ya kwanta a ƙarƙashi. Akwai masu cire farfelar gaba idan aksul ya lalace, su sayar da motar shiru. Ya duba yoyon mai a ƙaramin giyabos, da robobin aksul ko sun yage, da tsatsa a shasi, musamman motocin da suka fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

Sannan ku kai ta wuri mai yashi ko laka, a sa giyar ogzilari ta gudu (4H), a sa ta ƙarfi mai tafiya a hankali (4L), kai ka tsaya a gefe ka ga tayoyin gaba suna watsa ƙasa da idonka. Kada a gwada a kan kwalta: irin wannan ogzilari idan aka sha kwana da ita a titi mai tauri ƙarafan ɗaurewa suke, har su kai ga karyewa. Tayoyin huɗu su zama girma ɗaya. Takardar kwastan kuma, lambar shasin da ke cikinta ta dace da ta jikin motar kafin ka ƙirga ko sisi.