Amsa: baƙin mai na daskarewa a bututu da asuba

Ɗan'uwa, ka ce baƙin man da kuke ƙonawa a tukunyar tururi yana yin kauri a bututu da asubahin hunturu har famfo ya kasa ja, kana tambaya ko naɗe bututun da abin rufi ya isa. Bai isa ba. Rufi jinkirta hucewa kawai yake yi, ba ya ƙara zafi. Sai an shimfiɗa wayar ɗumamawa a jikin bututun, sannan a rufe.

Ni dai na fi son mai daidaita kanta, irin wadda kamfanin Raychem ya fito da ita a farkon shekarun 1970: inda bututu ya huce ta ƙara zafi, inda ya ɗumama ta rage da kanta. A bi da ita ta ƙasan bututu, a ɗaure da tef mai jure zafi. Kada yaranka su ɗaure da wayar ƙarfe, tana yanke fatarta. Wajen bawul da famfo a ƙara mata tsawo, don nan zafi ya fi zurarewa. A sa mata na'urar da ke katse wuta idan lantarki ya fara zurarewa daga wayar.

Tunda kuna da tururi, siririn bututun jan ƙarfe da tururin zai riƙa bi ta cikinsa a jikin bututun man ma zai yi aikin, sai dai yana son kulawa. Rufin kuwa, in ruwan damina ya jiƙa shi, kuɗin wuta kawai kake ƙonawa.