Yawan Kofuna Kaɗai Bai Isa a Auna Gwanin Ƙwallon Kwando Ba

Ka yi tambaya ko yawan kofuna ne ke nuna wanda ya fi kowa a ƙwallon kwando, ko kuwa abokan wasa ne ke ɗaga mutum. A ganina, wanda ya ƙirga kofuna ya tsaya a nan bai yi wa 'yan wasa da yawa adalci ba.

Dubi Michael Jordan. Ya shiga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1984, amma a kakarsa uku na farko ƙungiyarsa ta Chicago Bulls ba ta wuce zagayen farko na wasannin fidda gwani ba, har ma a 1986 ya ci maki 63 shi kaɗai a karawarsu da Boston Celtics, kuma duk da haka aka doke su. Sai da abokin wasansa Scottie Pippen ya zo a 1987, Phil Jackson ya karɓi horar da ƙungiyar a 1989, sannan kofuna shida suka samu tsakanin 1991 da 1998. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a kakar da Jordan ya yi ritayarsa ta farko ƙungiyar ta ci wasanni 55, wato biyu kacal suka ragu daga na kakar baya. Wannan bai rage masa daraja ba, domin ba su sake ɗaukar kofi ba sai da ya dawo.

Shi ya sa nake matuƙar girmama Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ɗauki kofin 1994 da Houston Rockets ba tare da wani babban tauraro a gefensa ba, kuma a kakar nan shi ne gwarzon gasa, gwarzon tsaro, da gwarzon wasannin ƙarshe. Kofunansa biyu ne, amma ina sa shi a sahun gaba.