Muryar da aka turo gurup kan ciyawar roba ta filin ƙwallon bayan gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Alhaji na ga tambayarka tun da rana, ina kan hanya ne, kuma abin ya fi ƙarfin rubutu, bari kawai in yi maka murya. Ka ce kana da fili a bayan gida mita 8 a 12, kana son shimfiɗa ciyawar roba yara su riƙa buga ƙwallo, ga kwandon basket da ka riga ka kafa, sannan mai sayarwa ya turo maka hotuna kala uku ka rasa wacce za ka ɗauka.

To ka ajiye hotunan nan tukuna, hoto ba ya nuna komai, duk kore ne. Wasan da za a fi yi a wurin shi ne zai zaɓa maka. In ƙwallon ƙafa ce, ta filayen 'yan wasa biyar-biyar (five-a-side) ɗin nan da suka cika Kano yanzu gashinta kan kai milimita 40 zuwa 60, kuma ba a barinta haka, sai an zuba yashi da ɓarɓashin roba a tsakanin gashin, shi ke tsayar da shi, shi ke sa yaro ya faɗi bai ji ciwo ba. Amma basket ba ta tashi a kan wannan, ko kaɗan, ka buga ta ƙasa sai ta kwanta kamar ka jefa a katifa. Ni da ni ne, gefen kwandon sai in bar shi siminti, kamar mita 3 haka, sauran kuma ciyawa. In kuma dole guda ɗaya kake so ta ɗauki komai, to mai gajeren gashi za ka nema, milimita 15 zuwa 20, mai yashi zalla, irin ta filin tanis.

Wadda za ka guje mata ita ce ta ado, mai laushin nan da ake sa wa a baranda da wurin biki, mai ɗan ruwan ƙasa-ƙasa a gindi don ta yi kama da ta gaske. Ita na fara saya wallahi, don ta fi kyau a ido kuma ta fi araha, mai shagon ya ce min ai duk ɗaya ne. Ba a rufa shekara ba gaban raga ya kwanta ya zama kamar tsohuwar tabarma, wajen da mai tsaron gida ke tsayawa har baƙin bayan kafet ɗin kana gani. Ban ma koma wurinsa ba, laifina ne da ban tambaya ba.

Ka ce a ba ka guntu ka riƙe a hannu. Ka tambayi zaren, polyethylene ya fi taushi ga fata, polypropylene ya fi araha amma yana da kaushi, in yaro ya zame zai goge masa gwiwa. Ka ja gashin da ƙarfi, in ya biyo hannunka ka bar musu kayansu. Ka lanƙwasa ka ga yawan ɗinki, ka juya baya ka ga ko akwai hujojin da ruwa ke bi. Kuma ka tambaya ko an yi ta da maganin rana, abin da suke cewa UV, don ranarmu ba ta wasa ba ce, wadda ba ta da shi koɗewa take yi ta fara karyewa tana gari.

Tunda na ambaci rana, wannan ba mai gaya maka a shago. Abin nan roba ne, a watan Afrilu da azahar yana iya wuce digiri 60, ba mai iya taka shi ba takalmi, ɗan autana ya taɓa fitowa da gudu ya koma yana ihu. Ka yayyafa ruwa ya ɗan sauka, an jima kaɗan ya dawo. Wasa sai da safe ko bayan la'asar, in kana da hali ka ja ragar inuwa a sama. Baƙin ɓarɓashin nan kuma, wanda daga tsofaffin tayoyi ake niƙa shi, yana ƙara zafi, ga wari, ga bin yara har cikin falo, Hajiya ba za ta gode maka ba. A Turai ma tun 2023 suka yi dokar daina sayar da shi, za ta fara aiki 2031. A fili ƙarami irin naka yashi wankakke busasshe ya isa, ban da yashin kogi mai laka, da ruwa ya taɓa shi zai toshe hujojin.

Amma fa inda kuɗinka ya kamata ya tafi ƙasan ne. A kwashe ƙasar sama, a zuba marmara a daddaɓe da inji, tsakuwa a kai, sannan garin dutse a daidaita. A ba shi gangare, santimita 1 a kowace mita, kenan a faɗin mita 8 ɗinka santimita 8, ya nufi inda kwata take. Wani maƙwabcinmu a kan ƙasa kawai aka shimfiɗa masa, ruwan Agusta ɗaya ya mayar da wurin tafki, da ya bushe kuma ga tudu ga kwari, ƙwallo na tafiya tana canza hanya ita kaɗai.

Wajen awo kuma, naɗin ciyawar yana zuwa faɗin mita 2 ko mita 4. Ka nemi mai 4, falle biyu masu tsawon 12 sun rufe maka wurin, haɗi ɗaya tal a tsakiya. Mai 2 haɗi uku ne, kuma daga haɗi ake fara ɓallewa. Ka tsaya a kan masu shimfiɗawa ranar aikin, su baza ta ta sha rana ta miƙe kafin su yanka, gashin fallen biyu ya kalli gefe ɗaya in ba haka ba za ka ga kala biyu, su sa tef ɗin haɗi da gam ɗinsa, ba ƙusa kawai ba.

Sai kula, lokacin hunturu ƙura na cika ta, a riƙa sharewa da buroshi mai tauri ana tayar da gashin. Kada a kawo kurfoti ko garwashi kusa, ɗan ƙarami ya faɗo ya narkar da wurin, kuma ragon layya kada a ɗaure shi a kai, na gaya maka. Mai kyau in an kula tana kai shekara 8 zuwa 10.

Gobe in Allah ya kai mu ka turo min hoton bayan guntayen nan uku, da takardar da ke nuna tsawon gashin, sai mu duba tare. Caji na ya kusa ƙarewa, sai da safe.