Kafin kushin da rumfa, ka fara sayen abin ɗaga jigo

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin irin takardar da ka ce dila ya miƙo maka, mai jerin kayan ƙari da kuɗin kowanne a gefe, ita aka miƙo mini a 2019. Ka ce jirgin ruwa mai filafili samfurin West Wight Potter, mai tsawon ƙafa 19, kake shirin ɗauka, ɗan abin da ya rage a hannunka ba zai sayi komai da komai ba, kuma ka rasa na zaɓa tsakanin rumfa, kushin, filafilin gaba mai naɗewa, da na'urar ɗaga jigo, wato dogon ƙarfen nan da ke tsaye a kan jirgi yana ɗauke da filafili. Ka sa na'urar ɗaga jigo a sama. Ko ita kaɗai kuɗin zai iya saya, ita za ka saya.

Nawa jirgin ba na kamfanin naka ba ne, amma tsawonsu kusan ɗaya. Mutumin da ya sayar mini dattijo ne mai fara'a, ya zaunar da ni, ya kawo mini kofi, yana ta kirana kyaftin. Sau biyu na tambaye shi ko ina buƙatar wannan na'ura, sau biyu ya yi dariya. Ya ce ai kai da ɗanka cikin minti biyar kun tsayar da jigon, wannan kayan tsofaffi ne. Sai ya juya takardar ya nuna mini kushin masu kauri, da rediyon kiɗa mai lasifika biyu, da rumfa shuɗiya, ya ce su ne za su sa iyali su so jirgin. Na yarda da shi saboda furfurarsa. Mu da aka raine mu a kan cewa babba ba zai kai ka ya baro ba. Har yau idan na tuna dariyar nan sai raina ya ɓaci.

Fita ta uku ce abin ya faru, ranar wata Asabar a watan Yuni, a filin ajiye motoci na Sandy Point kusa da Annapolis, a jihar Maryland ta Amurka, jirgin yana kan tirelarsa, wato amalanken da mota ke jan sa a kai. Motoci sun yi layi a bayanmu, kowa na jiran gangaren sauke jirgi, iska kuma tana bugowa daga gefe. Ɗana yana da shekara 14 a lokacin, yana gaba riƙe da igiya. Ni kuma na saɓa jigon a kafaɗa ina takowa daga baya. Akwai wurin da dole ka ɗaga ƙafa ka hau rufin ɗakin jirgin alhali duk nauyin yana kanka, kun san wurin. Daidai nan ɗaya daga wayoyin gefe masu riƙe jigon ta maƙale, jigon ya tsaya cak, sai iska ta karkata shi hagu. Na ji ƙarar gindinsa yana fizge ƙusoshi daga rufin. Na yi ihu na ce ya saki ya gudu. Bai saki ba. Yaro ne, gani yake idan ya saki ni abin zai danne, sai ya biyo igiyar ya diro ta gefen da jigon ke faɗowa. A kafaɗa ya same shi.

Ban san yadda na sauko daga kan tirelar ba. Abin da nake tunawa shi ne yana zaune a kan kwalta bai yi kuka ba, yana cewa Baba yi haƙuri, Baba yi haƙuri. Shi da aka karya wa ƙashi shi ke ba ni haƙuri. Wata mata da ban sani ba ta kawo ƙanƙara daga motarta. Mahaifiyarsa tana tsaye da kwandon abinci a hannu, ta kasa ko motsi. Sati shida ya yi da hannu a rataye, a zaune yake barci. Da tazarar tafin hannu ɗaya aka samu, a ka zai same shi. Allah ne kawai Ya tsare.

Da na kira dilan bayan kwana biyu, ko jikin yaron bai tambaya ba. Cewa ya yi ai da na jira iska ta lafa, sannan ya ce na'urar tana nan idan ina so yanzu. Na kashe wayar. Na bar shi da Allah, amma ban sake taka shagonsa ba.

Na'urar kuma ba wata abar a-zo-a-gani ba ce. Sanda ce da ake kafawa a gindin jigo, igiya ta bi ta kanta ta zo gaba inda kake ja a hankali, kana iya tsayawa a tsakiya ka je ka warware abin da ya maƙale. Amma don Allah ka tabbatar akwai gajerun wayoyin nan biyu na gefe masu hana shi lilo hagu da dama. Su ne maganin abin da ya same mu, ba sandar ba. Kuma kafin ka ɗaga, ɗaga kai ka duba sama. Jigon alminiyum ne, idan ya taɓa wayar lantarki babu sauran magana.

Filafilin gaba mai naɗewa yana da daɗi a kan ruwa, ban musa ba. Sai dai mu da muke ɗagawa da saukewa duk fita, yana ƙara nauyi, yana ta reto yana kama abubuwa. Ni na cire nawa, na koma mai maƙalawa da ƙugiyoyi, na ɗaura siririyar igiya da nake janyo shi ƙasa daga inda nake zaune. Abin da ba zan yafe maka ba shi ne babban filafili marar wurin rage faɗi. Hadarin la'asar na bazara a mashigin tekun nan namu na Chesapeake ba ya sallama, kafin ka gama kallon gajimare ya iso. Ka sa a ɗinka maka tun yanzu, ka koyi ragewa a ranar da ruwa ke kwance.

Ba ka ambaci tirela ba ko kaɗan, kuma wannan ya dame ni, don a kanta jirgin zai yi yawancin rayuwarsa. Ruwan nan namu yana da gishiri-gishiri, tirela mai fenti kawai tsatsa za ta cinye ta daga ciki. Ka ƙara kuɗi ka ɗauki wadda aka tsoma a tutiya. Safaya da jak ɗin da ya dace da ita dole ne. Boris ɗin tayar tirelar kuwa, idan ka taho da zafinsa ka tsunduma shi cikin ruwan sanyi, zuƙar ruwa yake yi, giris ya lalace. Ka bari ya huce yayin da kake haɗa kaya, kuma duk inda ka tsaya a hanya ka dafa cibiyar tayar ka ji.

Inji mai ƙarfin doki 4 zuwa 6 ya ishe ka, amma mai doguwar ƙafa, inci 20, in ba haka ba farfela za ta riƙa fita daga ruwa duk lokacin da igiyar ruwa ta ɗaga bayan jirgin. Man fetur na gidajen mai a nan yawanci yana da kashi 10 cikin 100 na etanol, idan ya kwanta a kafireto sai ya toshe. Ni nakan rufe mai in bar injin ya mutu da kansa kafin in koma gida.

Tsani kuma, wanda aka ɗaure a bayan jirgi, wanda mutum yana cikin ruwa zai iya janyo shi da kansa. Gwada hawa jirgi da jiƙaƙƙen kaya ba tsani sau ɗaya, za ka gane. Rigar ceto ga kowane mutum doka ce, jirgin da ya kai ƙafa 16 kuma sai da abin jefa wa wanda ya faɗa ruwa. Ka nemi oba-oba na hannu irin na jiragen ruwa, tasha ta 16 ce ta neman agaji. In a nan Maryland za ka riƙa fita kuma haihuwarka ta kama daga 1 ga Yulin 1972 zuwa sama, sai ka yi kwas ɗin tuƙin jirgi ka riƙe takardar.

Rumfa ba sharri ba ce, zafin Yuli a kan ruwa ba wasa ba ne, musamman in da yara. Amma ita da kushin ana samunsu ko yaushe, har na hannu ma. Nawa kushin suna nan a gareji, don uwargida ba ta sake hawa jirgin ba tun ranar, ni kuma ban taɓa matsa mata ba. Yaron ne ya dawo da kansa bayan shekara guda, yanzu shi ke riƙe da sitiyari ina kula da igiyoyi.

Ranar da jirgin ya iso, kada ka nufi bakin ruwa. Ka ɗaga jigon ka sauke sau uku ko huɗu a ƙofar gida, da safe kafin iska ta tashi, ba wanda ke jiranka a baya, yara kuma su tsaya nesa. In kana kusa da Annapolis ka sanar da ni, in sha Allahu ni da ɗana za mu zo mu kama maka na farko.