Malaman da sun yi magana kan bauta?

Tambaya: Ina koyar da tarihi a Tawa. Wani ɗalibina ya ce sai da Turawa suka zo aka fara tsawatarwa kan kama bayi. Haka ne?

Amsa: Malama, ki ce wa yaron nan ya saurara. A 1615 Shaihu Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta "Mi'irajus Su'ud", amsa ga mutanen Tuwat, wani yanki na Sahara a ƙasar Aljeriya ta yau, da suka tambaye shi hukuncin bayin da fatake ke kai musu ta Sahara. Ya ce baƙar fata ba ta halasta bautar da mutum, ya kuma ƙaryata masu jingina ta ga la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu. Ya lissafo Kano, Katsina, Gobir, Borno da Songhai, ya ce musulmi ne, ƴaƴa ne ba bayi ba, sayar da su haramun. Shi kansa ya san ɗacin kamu, domin bayan Maroko ta ci Tumbutu a 1591 an tasa ƙeyarsa zuwa Marakesh.

Amma kada ki ɓoye wa ɗalibai cewa bai hana bautar da wanda ba musulmi ba da aka kama a yaƙi. Wannan gurbin yana ci mini rai.

Ki haɗa musu da na gida: Nijar ta mai da bauta laifi a 2003, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani, ƴar jihar Tawa da aka bautar, gaskiya a ƙarar da ta kai gwamnatin Nijar. In kin shigo Yamai, ki leƙa sashen rubutun Larabci da ajami na IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, ki ga irin waɗannan takardu na tawada da alƙalami.