Tambayoyinku: Me ya haɗa sojan ruwa da wayar mutumin Katsina?

Assalamu alaikum jama'a, wannan karon tambayoyin duk sun karkata wajen teku, to bismillah.

Tambaya daga wani mai POS a Ƙofar Ƙaura: Malam, cikin azumin 2024 akwai ranar da netwok ya ɗauke, transfa ta ƙi tafiya, aka ce wai waya ce ta tsinke a teku. Mu nan mi ya haɗa mu da teku? Ba ta tauraron ɗan adam sabis ke zuwa ba?

Amsa: Ɗan uwa gaskiya aka faɗa maka. Ranar Alhamis ce 14 ga Maris 2024, wayoyi huɗu suka lalace a ƙarƙashin teku daura da Kwaddibuwa, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, kuma bayanin da kamfanin MainOne ya bayar shine motsin ƙasa ne a ƙasan ruwa ya jawo. Wayarka da eriyar unguwarku kawai take magana, daga eriya sai saƙon ya bi faiba ta ƙarƙashin ƙasa har Legas, daga can ya shiga teku ya nufi Turai, fiye da kashi 95 cikin ɗari na bayanan da ke tsallake nahiyoyi ta haka suke bi, tauraro kaɗan yake ɗauka. Kuma wayar nan a tsakiyar teku kaurinta bai wuce tiyon ban ruwa ba. In hakan ta sake faruwa dan Allah kar ka goge wayarka ko ka kai ta gyara, VPN ma ba abin da zai maka, ka gwada ɗaya layin domin kamfanoni ba waya ɗaya suke haya ba, sannan ka gwada lambar banki ta *, ita ba ta buƙatar data, duk da in na'urorin bankin ne suka yanke ita ma za ta tsaya.

Tambaya daga wani ɗalibi a Daura: To Malam sojan ruwa ne ke gadin wayoyin nan? Ni a ganina kuɗin da ake sayen jiragen yaƙin ruwa gara a kawo shi nan a yaƙi 'yan bindigar daji.

Amsa: Na fahimci zafin da ka yi maganar, duk wanda ke da dangi a Jibiya ko Batsari ko Faskari ya san ina ke masa ciwo, kuma ba mai hankalin da zai ce a bar wannan. Amma ƙanena kar a ɗauka ruwa na mutanen kudu ne kawai. Ɗanyen man da ake sayarwa a samu dalar da ake rabawa jihohi, har da tamu, ta teku yake fita, wayar da ke hannunka da shinfiɗar sola da batir da takin da ake shigowa da shi galibi ta tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can ko Onne suke sauka, kaga in ruwa ya lalace har kasuwar Mai'adua sai an ji.

Najeriya na da gaɓar teku kusan kilomita 853, sannan tana da hakkin arzikin ruwa har mil 200 na teku daga gaɓa, kusan kilomita 370 kenan, ba yadda za a yi jiragen sintiri su cika wannan fili, shi ya sa dabarar yanzu ido ne kafin bindiga. A 2021 mataimakin shugaban ƙasa Osinbajo, a madadin shugaba Buhari, ya ƙaddamar da Falcon Eye, tsarin rada da kyamarori da aka jera a gaɓa suna aika hoto ɗakin sa ido na rundunar sojan ruwa, a shekarar kuma aka ƙaddamar da Deep Blue, shirin tsaron teku na NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa, kuma a 2022 aka cire Najeriya daga jerin ƙasashen da fashin teku ya addaba. Wannan ba ƙaramin abu bane.

Maganar gadin waya kuwa, ba wanda ke tsaye a kanta, kamfanoni ne ke da su, in ta tsinke jirgin gyara na musamman ake jira, irin Léon Thévenin da ke zama a Cape Town, sai a yi makonni. Yawancin tsinkewar ma anga ce ta jirgi, wato ƙarfen da yake jefawa ƙasan ruwa don ya tsaya, ko komar masunta. Sai dai duniya ta farga abin na iya zama makami: a Fabrairun 2024 wayoyi sun lalace a Bahar Maliya lokacin hare-haren 'yan Huthi, a Disambar 2024 Finlan ta kama jirgin Eagle S kan lalata waya a tekun Baltik, wata ɗaya bayan haka NATO ta fara sintiri na musamman a wajen. Ni ra'ayina a fili yake, yawancin wayoyinmu a Legas suke sauka kuma wannan haɗari ne, dole tsarin tsaron ƙasa ya sa wuraren nan sahu ɗaya da bututun mai, a kori jiragen da ke yada anga a kansu, a kuma ƙara mashiga kamar yadda wayar 2Africa ta sauka a Akwa Ibom.

Tambaya daga wata 'yar kasuwa a Funtuwa: Na yi odar kaya daga Chaina, an ce akwai manhajar da zan ga jirgin?

Amsa: Akwai Hajiya, MarineTraffic ko VesselFinder, ki karɓi sunan jirgin a wajen ejan ɗinki ki rubuta. Manyan jirage na watsa sunansu da inda suke da gudunsu ta na'urar AIS. In kika ga ya tsaya cik a tsakiyar teku kar hankalinki ya tashi, ya yi nisa da eriyar gaɓa ne, bayanin tauraro kuma sai an biya. Jiragen yaƙi ba kasafai za ki gansu ba, suna kashe tasu, ɓarayin ɗanyen mai ma haka suke yi, shine dalilin da sojan ruwa ke haɗawa da rada, ita ba ta jiran jirgi ya faɗi sunansa.

Tambaya daga wani direba ɗan hanyar Kongolam: Wai da gaske GPS na sojan Amurka ne, za su iya kashe mana?

Amsa: Nasu ne Malam, wanda ya riga shi ma, Transit, sojan ruwansu ne suka yi shi a shekarun 1960 don jiragen ƙarƙashin ruwa su san inda suke. Amma wayoyin yanzu suna kama GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Chaina, ba su kaɗai ba. Kai dai ka sauke taswirar Katsina da Damagaram a Google Maps tun kana gida, ko netwok ya ɗauke a hanya za ta nuna maka inda kake, tunda karɓar siginar tauraro ba ya cin data.