Kilamatis ɗina ya langaɓe dare ɗaya, in tumɓuke shi?

Tambaya: Malam, shekara biyu ke nan da na dasa kilamatis, wato shukar fure mai yaɗo tana hawa bango, irin nan mai manyan furanni da ake kira Nelly Moser. Bana yana gab da buɗe fure, sai na wayi gari reshe guda ya langaɓe, ganyensa ya yi baƙi. Wanda ya sayar min ya ce ƙishi ne, na ƙara ruwa na zuba taki, abin sai gaba yake. Yanzu kuma ya ce in tumɓuke in sayi wani. Wallahi hankalina ya tashi.

Amsa: Kwantar da hankalinki Malama, kada ki tumɓuke. Fara duba gindin reshen, wani lokaci dodon koɗi ne ya gaigaye shi ko iska ta karya shi. In babu wannan, kuma kin tsaga karan kin ga baƙi a ciki, to ciwon yaushin kilamatis ne. Naman gwari ne mai suna Calophoma clematidina, yana shiga ta rauni, ya kashe karan daga ƙasa, ruwa ya kasa hawa. Masu manyan furanni irin naki ya fi kamawa.

Wannan magana ta "ƙishi ne" ita ta ishe ni. Kusan kullum sai an kawo min ita. Mutum ya ga ganye ya yi yaushi, ko yatsa bai tsoma a ƙasa ya ji danshi ba, sai ya ɗauko bokiti. To ruwan ta ina zai bi? Hanyar ce ta toshe. Ko kogi kika juye masa, reshen nan ba zai miƙe ba, sai dai ƙasa ta jiƙe sharkaf, saiwar da take lafiya lau ta fara ruɓewa. Ga shi fantsamar ruwa ce ke kai ƙwayar cutar kan sauran ganye. Taki kuma toho mai laushi yake jawowa, wanda ya fi saurin jin rauni. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Daga nan sai a ce ki sayi maganin feshi, alhali babu feshin da ke tayar da karan da ya riga ya mutu. Ƙarshe a ce tumɓuke, domin wanda ya ba ki shawarar yana da wani a tukunya yana jiran mai saye. Cutar nan da wuya ta kashe saiwa. Wasu kilamatis da ake cewa ita ta kashe, masu su ne suka cire su da ransu.

Ki sa safar hannu, don ruwan jikin kilamatis na sa ƙaiƙayi. Ki datse reshen ƙasa da inda baƙin ya tsaya, ko da sai kin kai dab da ƙasa. Ki ƙona abin da kika yanke tare da ganyen da ya zuba, ki goge almakashin da sifirit. Sai haƙuri: wani yakan yi toho a 'yan makonni, wani sai baɗi.

In za ki sake dasa irinsa, ki binne gindin kamar santimita 8 ƙasa da yadda yake a tukunya, domin idanun da ke cikin ƙasa su ne ke fitowa bayan irin wannan. In kuma ba ki son fargaba, nemi dangin kilamatis da ake kira viticella, irin su Polish Spirit, ba kasafai ciwon ke kama su ba.